Wata huɗu ina neman injin roka a Legas, ashe gorar lemo ta isa

Abin ya faro ne a dogon hutun bara, daga babban ɗana mai shekara 13. Ya ɗauki wayar mahaifiyarsa, ya ci karo da bidiyon wani mutum a Amurka da 'ya'yansa suna harba wata 'yar roka da tsawonta bai wuce rabin yadi ba. Ta tashi da hayaƙi, can sama ta buɗe lema ta sauko a hankali, yara suka bi ta da gudu. Kwana uku babu wata hira a gidanmu sai ta roka. Ni shadda da atamfa nake sayarwa a Agege, abin da na sani na kimiyya tun na sakandare ne, shi ma rabinsa ya zube. Amma yaron da kullum sai an yi faɗa kafin ya buɗe littafi, sai ga shi zaune da biro yana zana fukafukai, ƙanwarsa na gyara masa. Na ce to, bari mu gani. Tun ranar da na ɗora hotonmu a WhatsApp mutum shida suka tambaye ni inda ake sayarwa, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi tun daga farko, kada wani ya yi asarar lokaci da kuɗin da na yi.

Da oda na fara, a nan kuma na tafka kuskuren farko. Akwai wani yaro a layinmu da ke yi wa mutane sayayya daga Amurka, ka ba shi naira ya biya da dala, kaya su biyo ta kamfanin kago, wato masu jigilar kaya. Muka zaɓi saitin masu koyo na kamfanin Estes, wanda Vernon Estes ya kafa a 1958, su ne suka fi suna a wannan harka. Da kuɗin kaya da na kawowa da ladan yaron na biya kusan naira 85,000 a canjin lokacin. Mako biyar muna jira, kullum na dawo daga shago yara na bakin ƙofa: "Abba, ta iso?" Ranar da ta iso aka shimfiɗa tabarma aka baje kaya. Ga gangar jikin roka ta kwali, ga hancin roba, fukafukai, lemar leda, sandar ƙarfen da take bi ta tashi, da 'yar na'urar kunnawa mai batir da doguwar waya. Muka kife kwalin muka karkaɗe. Babu inji. Babban ɗana ne ya juya bayan kwalin ya karanta mana, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa inji daban ake sayensa. Laifina ne, ban karanta ba. Uwargida ba ta ce uffan ba, sai da aka jima ta tambaya ko zan bar mata gangar ta riƙa zuba turaren tsinke.

A daren na zauna na fahimci abin da ake kira injin. Ba irin na janareta ba ne. Ɗan bututun takarda ne mai kauri kamar yatsa, tsawonsa milimita 70, faɗinsa 18, an danƙare shi da albarushi, an toshe gindinsa da yumɓu an bar ƙaramar kafa. Sau ɗaya ake amfani da shi a yar. A jikinsa ana rubuta lamba irin C6-5. Harafin na nuna jimillar ƙarfinsa, B ninkin A ne, C ninkin B. Lamba 6 matsakaicin ƙarfin turawarsa ce, 5 kuwa daƙiƙoƙin da yake jira bayan wuta ta cinye kafin ya tofo lema waje. Ƙungiyar masu wannan wasa a Amurka, NAR, wadda aka kafa a 1957, ta ce mai injin C yana buƙatar fili mai kusan mita 120 ta kowane gefe, kuma ba a harbawa idan gudun iska ya wuce kilomita 32 a awa. Na leƙa ta taga na ga rufin kwanon unguwarmu ya haɗe da juna, ga jirgi ƙasa-ƙasa zai sauka a filin Murtala Muhammed. Tun a nan ya kamata in gane da sauran rina a kaba. Taurin kai ya hana.

Yaron oda ya ce shi kam abin ya fi ƙarfinsa, in je in ga masu kago da kaina. Ofishinsu yana Ikeja, a bene na biyu. Ƙarfe 9 na isa, manaja bai shigo ba sai wajen 12. Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ɗauko fom tana cikewa, ta tambayi sunan kaya, na ce injin roka. Biron ya tsaya cak a hannunta. Ta dubi hulata, ta dubi jakar da ke hannuna, ta ce in jira a waje. Da manajan ya zo na nuna masa hoto a waya, ya yi min bayani tsakani da Allah. Ya ce duk abin da ke da albarushi yana rukuni na 1 a jerin kaya masu haɗari, wato abubuwa masu fashewa, ba a haɗa shi da kayan jama'a a jirgi. Ko da an samu mai ɗaukowa, a nan gida za a nemi takardar shaidar mai amfani na ƙarshe, wadda ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro ke bayarwa, irin wadda ake nema wa nakiya da jirage marasa matuƙa da motoci masu sulke. Ya tambaye ni sunan kamfanina da yawan kayan da zan shigo da su. Na ce fakiti ɗaya ne, guda uku a ciki. Ya yi dariya har da dafa tebur, ya ce, "Alhaji, je ka saya musu keke."

Da labari ya bazu a majalisarmu, shawarwari suka yi ta zuwa. Wani ya ce ƙaninsa zai dawo daga Amurka, a saka masa a akwati. Na duba dokar kayan fasinja, duk abin wuta irin wannan haramun ne a jakar hannu da ta awo, ba zan jefa bawan Allah cikin masifa a filin jirgi ba saboda wasan yara. Wani kuma ya ce ai da sauƙi, a sayi banga, abin wasan wutan nan mai fashewa da ƙara, a warware a ɗura garin a bututu. Wannan ta ɓata min rai. Ina Agege ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta. Da ƙafata na yi gudu, kuma fiye da mutum 1,000 suka rasu, yawancinsu a ruwan Oke-Afa suka nutse garin tserewa. Na kuma tuna gobarar ma'ajiyar banga ta Jankara a Disambar 2012. Kusan kowane ƙarshen shekara 'yan sandan Legas sai sun sanar da hana banga. Da na koma gida na zaunar da ɗana na ce masa ko da wasa na ga ashana kusa da kwalin nan, magana ta ƙare. Ya ce, "To, Abba." Na ga ransa bai so ba, na bar shi.

Duk da haka ban haƙura ba, na so in ji daga bakin hukuma ko mutum irina yana iya samun izini. Aka yi min kwatancen wani ofishin gwamnati, ba zan kama sunansa ba. Na je shagon buga takardu aka rubuta min wasiƙa da Turanci a kan naira 1,500, na haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da hoton kayan. A bakin get na sa hannu a littafi aka rataya min katin baƙo. Bene na ɗaya suka tura ni na uku, na uku suka ce ba su ba ne, na dawo na ɗaya. Na zauna a benci daga 10 har bayan 2, azahar ma a gefen wurin ajiye motoci na yi ta a kan kwali. A ƙarshe sakatariya ta buga hatimi a kwafina ta ce in dawo bayan mako biyu. Na koma, fayil yana teburin oga. Na sake komawa, oga ya yi tafiya. A zuwa na uku wani dattijon ma'aikaci da ya gaji da ganina ya ja ni baranda. Ya ce, "Alhaji, abin nan naka akwai wuta a ciki?" Na ce akwai. Ya ce to in daina wahalar da kaina, babu mai gaggawar sa hannu a takardar da ke ɗauke da kalmar roka, kuma ko me zan harba, in yi nesa da filin jirgi. Har yau ban samu amsa a rubuce ba. Kwana uku na rufe shago, wannan ya fi kuɗin mota ci min rai.

Mafita ta zo ne ta inda ban zata ba. 'Yata ta kai ƙorafi wurin malamarsu ta kimiyya, wata Bayarabiya, ita kuma ta ce in biyo in na zo ɗaukar yara. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wahalar banza na sha, ana yin roka da gorar lemo da ruwa da famfon keke. Na ɗauka raini ne. Ta juya bayan wata takarda ta zana min: ka zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na gora, ka kife ta, ka yi ta ɗura iska. Iskar da ta matsu tana neman mafita, da ka saki sai ta fesar da ruwan ƙasa da ƙarfi, gorar kuma ta yi sama. Ta ce dokar motsi ta uku ce ta Isaac Newton, tun 1687 aka wallafa ta, kuma ita ce ke ɗaga manyan rokoki masu kai tauraron ɗan'adam. Ruwa ya yi yawa, gora ta yi nauyi. Ya yi kaɗan, iska ta fice ba ta tura komai ba. Ta ƙara da cewa a nan jihar ma, a Epe, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken roka, idan yaron ya dage da karatu ga hanyarsa nan.

Zumuɗi ya sa ba mu jira mun haɗa abin da ta zana ba. Ran Asabar muka yanko toshi daga tsohon silifas, muka soka masa allurar hura ƙwallo, muka cusa a bakin gora muka jingina ta da bokiti a tsakar gida. Ina bugun famfo na bakwai ko na takwas, ba sallama ba gargaɗi, toshin ya fice. Gorar ta jiƙa ni sharkaf, ta yi wulƙawa biyu a iska kamar kazar da aka yanka, ta faɗa kan kwanon maƙwabta da ƙara. Sai ga Baba mai gidanmu ya fito da ɗaurin zane yana salati da Yarbanci, matan haya sun leƙo ta taga. Na ba da haƙuri, na aika yaro da tsani. Abu biyu na koya a ranar: toshi shi ke zaɓar lokacin tashi ba kai ba, kuma gora babu fukafukai ba ta san sama da ƙasa ba.

Sai muka bi zanen malama sannu a hankali. A shagon masu kayan famfo na sayi fayif na roba mai rabin inci, da gwiwa biyu, da mahaɗi mai baki uku, da murfi, da gam ɗin fayif. Na tafi da gorar a hannu, domin dole sai fayif ɗin ya shige bakinta daidai. A wurin mai faci na karɓi bawul na tayar da ba ta da tib, shi ya huda min murfin ya dasa shi. Ɗaurin robar nan mai haƙora da masu wayarin ke amfani da shi, guda takwas aka jera a kewayen fayif, kawunansu su ke riƙe leɓen gora, sai guntun fayif mai faɗi da ke rufe su, an ɗaura masa igiya mai yadi shida. Ka ja igiya, ya zame, gora ta kuɓuce. Wurin da ya fi ba mu wahala shi ne toshe yoyo: ana gasa fayif ɗin kaɗan a kan kyandir ana juyawa, in ya yi laushi a tura shi daga gefe biyu ya yi ɗan tudu, a kan tudun bakin gora ke zama. Sau uku ina ƙonawa kafin na huɗu ya yi. Famfon keke mai agogo ne ya fi komai tsada. Duka-duka ban kashe naira 25,000 ba, rabi a famfo ya tafi. Gam kuma a bar shi ya kwana ya wuni kafin a sa masa iska.

Gora sai ta lemo mai gas, lita ɗaya da rabi ko biyu, marar ƙarce, domin ita aka yi don jure matsi. Ta ruwan sha ba ta da ƙwari. Kafin amfani muna cika ta da ruwa fal mu gwada ta, saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ko ta fashe ba za ta yi ɓarna ba. 'Yata ce ta yanka fukafukai uku daga tsohon allon talla na roba, aka manna da salatif mai ƙarfi. Hancin kuwa kan wata gorar ne da aka cusa wa tsohuwar ƙwallon tanis, don nauyi ya koma gaba. Malama ta koya mana gwaji: ka ɗaura zare a daidai inda rokar ke daidaita a kan yatsa, ka juya ta a saman kanka. Idan hanci ne a gaba, ta yi. Idan tana rawa, ƙara mata nauyi a kai.

Saura fili, a Legas kuwa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Filin wata makaranta da na tambaya aka ce in rubuto wasiƙa, na ce a'a, na gaji da wasiƙa, kuma ma kusa yake da hanyar jirage. Sauran filaye ran Asabar ko ƙwallo ko rumfunan biki. Wani abokina ɗan Zariya da ke noman ganye bayan Ikorodu, ta hanyar Imota, shi ya ce akwai fili kusa da gonarsa, amma sai an gaida baale, wato mai unguwarsu. Muka je da goro da katan ɗin lemo. Wannan karon na yi wayo: ban ce roka ba, na ce gwajin kimiyya ne na 'yan makaranta da gora da ruwa, na kuma nuna bidiyo. Baale ya ce sharaɗinsa ɗaya, jikokinsa su zo kallo. Daga nan abokina ya raka ni ofishin 'yan sandan yankin, na faɗa wa jami'in da ke kan kanta rana da lokaci. Ya juya gorar, ya sansana bakinta, ya rubuta sunana da lambata a littafi. Minti ashirin muka yi, ban biya ko kwabo ba.

Ran Lahadi bayan asuba muka fita, lokacin hanya babu cunkoso. Mun wuce Ketu da Mile 12 lafiya, sai can gaba aka tsayar da mu a shinge aka ce in buɗe but. Sai da na ɗaga murfin na ga abin da idon wani zai gani: fayif a haɗe, igiya, gora mai fukafukai, agogo mai allura, ga Bahaushe da gemu. Gabana ya faɗi. Jami'in ya ja da baya taku ɗaya ya ce mene ne wannan. Kafin in haɗa Turancina, 'yata ta fito ta hau bayani kamar a aji, ta kwance gorar ta zuba masa ruwan a ƙasa, ta nuna masa zanen malama. Ya kira abokin aikinsa, suka kalli bidiyon faɗawar gora kan kwano har sau biyu. Ya ce, "Alhaji, gobe kada ka haɗa shi a mota, ka bari sai ka isa." Gaskiyarsa ce. Ban ga laifin tsoronsa ba, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Ƙarfe 8 saura muna fili, raɓa ba ta bushe ba, iska a kwance. Muka kafa fayif muka danne shi da duwatsu, na ja layi a ƙasa da sanda na ce kowa ya tsaya bayansa. Yaran baale sun kai goma. Babban ɗana ke bugun famfo, ina kallon agogo, da allura ta kai 40 a psi, ma'aunin matsin iska, na ce tsaya. Gorar ta yi tauri, ana jin 'yan kumfa na hawa ta cikin ruwan. Aka ba auta igiya, shekararsa 6. Muka ƙirga daga biyar, da Hausa da Yarbanci a haɗe. Ya ja. Ƙara ɗaya ta yi, tas, ta bar sandar ruwa a tsaye a iska, kafin in ɗaga kai ta zama ɗigo. Uwargida, mai neman wurin turaren tsinke, ita ta fi kowa ihu. A harbi na huɗu muka kai 60, iyakar da na ɗiba mana ke nan. 'Yata ta riƙe agogon waya: daƙiƙa 6 daga tashi zuwa faɗuwa. Lissafin malama shi ne a ninka daƙiƙoƙin da kansu, a ninka da 9.8, a raba da 8. Ya ba mu kusan mita 44, ko da yake ta ce ƙiyasi ne, bai lissafa jan iska ba. Sau tara muka harba kafin jarkar ruwa ta ƙare. Ɗaya ta ƙi tashi, nan ma yaron ya zabura zai je ya leƙa na damƙo rigarsa. Ba a sunkuyawa a kan gora mai iska, sai an sace iskar ta bawul tukuna.

Ga mai son farawa, kada ka yi odar saitin waje kana zaton inji na ciki, kuma kada ka biya kowa da ya ce zai shigo maka da shi ta bayan fage. Idan lallai mai wuta kake so, ka bi ta makaranta ko wata cibiya mai rajista, su tuntuɓi NCAA mai kula da dokokin sufurin jiragen sama da NAMA mai kula da sararin samaniyar ƙasa, wannan ba aikin mutum ɗaya da fakitin guda uku ba ne. Ka kula da kalmar da ke fita daga bakinka. Ba ƙarya na ce ka yi ba, gora da ruwa ne kuwa, amma ka nuna kafin ka ambaci suna. Ka tafi da yaran duk inda za ka, da kayan a wargaje, da bidiyo a waya. Ka nemi mai fili ka gaishe shi, ka sanar da 'yan sandan wurin, ka nisanci filin jirgi da wayoyin lantarki da titi. Ka riƙa canja gora in ta sha faɗuwa, kuma ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake zato, mu jarka ɗaya ba ta ishe mu ba.

Yanzu Lahadin farkon kowane wata muna can. Yara suna fama da lema, sun yanka ta daga babbar ledar shara, sau biyu ta ƙi buɗewa, sau ɗaya ta buɗe tun roka na hawa. Lemar saitin Amurka suka ciro suna kwaikwayon ninkinta. Gangar kuwa tana kan durowar uwargida, cike da turaren tsinke.